Zanen Da Na Kwaikwaya Ya Kai Ni Hannun 'Yan Sanda

A lokacin da abin ya faru, ni mai yi wa motocin haya rubutu ne a kasuwar Suk al-Shabi. Direba ya kawo motarsa, in rubuta masa addu'a a gaba, in zana furanni a baya. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a wannan ƙasar, mu kuma muka tashi a unguwar Kalakla. Ina da mata da 'ya'ya, amma raina ya gundura da fure iri ɗaya kullum.

Wata rana aiki ya kai ni Umdurman, na shiga wani gidan shan gahawa in huta. A bango na ga wani zane da ya tsayar da ni. Ƙauye ne, amma kogi a samansa yake gudu, inda gajimare ya kamata ya kasance. Itatuwan dabino na tsaye cikin wani haske kore kamar na ƙasan rijiya, ƙofofin gidaje a buɗe, kwale-kwale na wucewa ta saman hasumiyar masallaci, babu mutum ko ɗaya. Daga ranar na mayar da wurin makaranta. Bayan la'asar in tsallaka gada, in zauna ina nazarin yadda aka ɗora launi a kan launi. In koma gida in gwada a kwali, ya ɓaci, in sake. Direbobi suka fara kai motocinsu wurin wani. Matata ta yi magana har ta gaji, ban saurare ta ba.

Mai wurin ya lura da ni. Ya ce shi yana son masu baiwa, ya sayo mini ƙyallen yin zane da fenti mai kyau, ya ba ni ɗakin baya, har ya riƙa sauko mini da zanen. Ya ce kada in sa sunana, ai ɗalibi ba ya sa hannu a aikin malaminsa. Na ga maganar ta yi daidai. Da na gama aka jera su biyu, ni kaina sai da na matsa kusa kafin na gane nawa. Ya roƙe ni in bar masa nawan, na bar masa.

Ban ankara ba sai ga 'yan sanda a kasuwa, suka tafi da ni a gaban abokan sana'a. Ashe zanen na aro ne. Mai shi ya rasu, 'yarsa ce ta bayar a rataye. Mai gidan gahawar ya sayar da na asalin ga wani baƙo da ya fita da shi ƙasar waje, ya rataye nawa, da 'yar ta gane kuma ya ce ni na musanya su. Na daɗe a tsare. Matata kullum tana kawo abinci tun daga Kalakla, ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba. Sai da matar da ke dafa gahawa a wurin ta ba da shaida cewa mai wurin ne ya musanya su sannan aka sake ni.

'Yar marigayin ta zo har gida. Ta ce ƙauyen da ke cikin zanen ƙauyensu ne a arewa, wanda ruwan madatsa ya cinye. Mahaifinta ya zana garin ne yadda yake yanzu, a ƙarƙashin ruwa. Ta ce ƙofar da ke hannun hagu ta kakarta ce, kuma zanen shi kaɗai ne abin da ya rage musu na garin. Har yau zanen bai dawo ba.

Na koma kan motoci, hannun dai yana aiki, amma zuciyar ta gaji. Koyo a aikin wani ba laifi ba ne. Sai dai ina jan kunnen mai koyo: ka tambayi tarihin abin da kake kwaikwaya, ka sa sunanka a duk abin da hannunka ya yi, ko da mummuna ne. Wanda ya ce ka ɓoye sunanka, ya riga ya san ranar da zai ambace shi.