Jirgin Kaka da Ramin da Muka Toshe a Abhur

Juma'a: daga Sa'alaba

Ƙarfe biyar da minti ashirin, liman na sallamewa daga sallar asuba, muka bar Sa'alaba, unguwarmu a Jidda, a a-kori-kurar Kawu Sale, motar da ta girme ni da shekara takwas, wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Mu huɗu ne. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, kafinta mai yin kujerun majalisa, shi ke tuƙi. Kaka, Alhaji Usman, yana gaba da sandarsa. Ni Yasir ina baya, matse da Amm Ɗahiru, abokin Kaka na shekara arba'in kuma babban mai ƙaryata shi.

Ku 'yan uwa na Kano da kuka ce in rubuto muku, ga abin da ya fitar da mu. Kullum bayan la'asar tsofaffin layinmu kan zauna a mirkaz, wato bencinan ƙofar gida, Kaka yana ba su labarin shekara bakwai da ya yi a sambuk, jirgin ruwa na katako mai tafiya da iska, tsakanin Sawakin ta Sudan da Jidda. Wata biyu da suka wuce Amm Ɗahiru ya ce a gaban kowa, "Usman, kai ruwan buta kawai ka sani. Ga jikanka nan, gado ya yi." Aka fashe da dariya, don ni an san hali, in na ga kyanwa damisa nake cewa. Tun ranar Kaka bai sake zama a mirkaz ba, daga masallaci sai ɗaki. Shi ya sa da na ga tallar ƙaramin jirgin iska a waya na hana kowa sakat a gida, har Baba da Kawu suka yarda a saya. Ko dai Kaka ya fita da shi ya dawo a kan idon Amm Ɗahiru, ko sunan maƙaryaci ya raka shi kabari.

Shida da minti goma muka tsaya cin ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Amm Ɗahiru ya ci rabin nawa yana yi mini wa'azi a kan ƙoshi. Gaba kaɗan aka tsayar da mu a shinge, ɗan sanda ya duba iƙamominmu, wato katunan izinin zama, ya leƙo ya gaida Kaka.

"Ina zuwa da sassafe haka, ya Hajj?"

"Teku," in ji Kaka.

"Wanka za mu koya masa," in ji Amm Ɗahiru daga baya.

Ɗan sandan ya danne dariya ya ce yalla, mu wuce.

Abhur, bakwai da minti biyar

Kilomita hamsin muka yi zuwa bakin teku. Mai jirgin wani Bamisire ne, Ustaz Magdi, mai koya wa yara tuƙin jirgin iska, zai koma ƙasarsu gaba ɗaya ranar Lahadi. Jirgin fari ne, na faiba, tsawonsa mita huɗu ba kaɗan, mutum biyu yake ɗauka. Da sanda ɗaya a tsaye da shira'i ɗaya, wato ƙyallen da iska ke turawa. Ya ce riyal dubu biyu. Kawu ya ƙwanƙwasa gefen jirgin kamar mai zaɓen kankana, ya ɓata rai, aka tsaya a dubu da ɗari bakwai, har da rigunan ruwa biyu.

Ustaz Magdi ya durƙusa zai fara nuna mana yadda ake haɗa kayan. A nan bakina ya jawo mana.

"Ya ustaz, kada ka wahalar da kanka. Tsohon nan da kake gani ya tuƙa jirgi mai raƙuma ɗari biyu, cikin guguwa, da hannu ɗaya, ɗayan yana cin dabino."

Mutumin ya miƙe ya sara wa Kaka. "Ya basha! Ashe ni ya kamata in ɗauki darasi. Halas, ban ce komai ba." Ya miƙo mana shira'i, da daffa, katakon tuƙi na baya, da wani shimfiɗaɗɗen allo da ya kai ni ƙugu, ya tafi ɗaure akwatunansa.

Gyara, bayan sallar Juma'a

Mun sauka a ɗakin Malam Idi, abokin Kawu, direba a wani ƙaton gida na bakin ruwa. Kaka ya ci shinkafa da kifi ya kwanta. Mu uku muka koma kan jirgi da akwatin aikin Kawu.

Matsalar da ke gabanmu gwiwoyin Kaka ce. Shekara uku ke nan a kan kujera yake sallah, jirgin kuwa babu wurin zama sai a tsugune. Kawu na auna ciki sai ya daka tsalle.

"La haula! Yasir, zo ka gani. Bamisiren nan ya sayar mana da jirgi mai rami!"

Na leƙa. A tsakiyar jirgin akwai ɗan akwati mai doguwar tsaga, ta cikinta ina hango yashi ƙarara.

"Kawu, a kira shi?"

"A kira shi ya ce ba mu san jirgi ba, bayan raƙumanka ɗari biyu? Miƙo soso."

Ya cusa soson kujera a tsagar har ya ƙi shiga, ya rufe da leda. Allon nan kuwa, da ya ɗora shi a gicciye, sai ya zauna daram daga gefe zuwa gefe. Kawu ya ce ai benci ne, Turawa ba sa yin abu a banza. Ya ɗaure shi da igiya, ya ɗora matashi ja mai tuntaye, ragowar majalisar wani attajiri, ya ƙara wurin ajiye fulas. Wallahi ko ministan ruwa bai taɓa hawa irinsa ba. Amm Ɗahiru ya zagaya shi sau biyu ya ce, "To, in ya nutse, a cikin daraja zai nutse."

Asabar: cikin ruwa

Goma da minti arba'in iska ta taso daga arewa. Jami'in gaɓar teku ya duba takardu da rigunan ruwa, ya nuna mana wata jar ganga da ke yawo mita ɗari shida daga baki, ya ce kada mu wuce ta. Amm Ɗahiru ya ce ta ishe shi shaida, a zagayo ta a dawo. Kawu ya ɗora Kaka a kan benci, na shige gaba, aka tura mu.

Shira'i ya cika, zuciyata ta cika. Sai na lura hancin jirgi yana kallon ganga, amma gangar tana guduwa. Gefe muke tafiya, kai tsaye zuwa duwatsun da ke kudu.

"Usman!" Muryar Amm Ɗahiru ta biyo mu. "Ƙaguwa ka saya?"

Kaka ya ja igiya, ya saki, ya karkata daffa. Banza. Duwatsun sun matso har ina ganin ƙananan kifaye a gindinsu.

"Jirgin nan ba shi da ƙashin baya," Kaka ya ce a hankali. "Sambuk yana da katako a ƙasa da ke riƙe ruwa. Babu mai hankalin da zai ƙera jirgin iska babu shi."

Hannunsa na hagu yana dafe da benci. Na ga yatsunsa sun tsaya, sun shafa gefen gaba, sun shafa na baya.

"Nan a dunƙule, nan kamar wuƙa. Kai, ɗan banza, wa ya ɗora ni a kan wannan?"

"Kawu ne, Kaka!"

"Ina raminsa?"

"Mun... mun toshe."

Kallon da ya yi mini, da ruwa ne da ya tafasa. Sai ya zame daga kan matashi ya sauka a kan gwiwoyin nan da suka shekara uku ba su taɓa ƙasa ba. Na ji ƙararsu, na rantse har Makka an ji. "Kwance! Ciro! Yalla!" Na yage leda, na riƙa zaro soso kamar mai fiɗar rago, na kwance allon na zura shi a tsagar. Ya shige zuruf, kamar takobi a kube.

Nan take jirgin ya kama ruwa, ya ɗan kwanta, ya miƙe gaba. Kaka ya tura daffa ya ce, "Sunkuya!" Ban sunkuya da wuri ba, sandar shira'i ta gaishe ni a ƙeya, ƙullutun yana nan har yau. Sau huɗu ya juya mu dama da hagu muna hawa kan iska, yana durƙushe, yana ba da umarni da wasu kalmomin Larabcin Sawakin da ban taɓa ji ba. Muka zagaye ganga har na mare ta da tafi. Sha biyu saura minti takwas hancinmu ya taɓa yashi.

Amm Ɗahiru ya shigo ruwa da jallabiyarsa har cinya, ya riƙe jirgin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon Kaka.

"Sannu, Rayyis," ya ce, wato shugaban jirgi.

"Buta ce, Ɗahiru," in ji Kaka. "Ta ɗan fi taka girma ne kawai. Ɗaga ni, gwiwata ta ƙi."

Komawa gida

Jirgi mun bar shi a farfajiyar gidan da Malam Idi ke aiki, da izinin maigidan. Kawu ya yi alkawarin benci na gaskiya a baya, wanda ba zai taɓa ramin ba. Uku saura kwata muka kamo hanya, huɗu da kwata muna Sa'alaba. Kaka bai shiga gida ba. Ya dogara sandarsa ya wuce mirkaz, ya zauna a wurinsa na da.

Amm Ɗahiru ne ya ba da labari. Igiyar ruwa ta kai bene hawa uku. Manyan kifaye masu cin mutum guda tara suna biye da mu. Usman ya tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan yana tsiyaya shayi.

Na kasa haƙuri. "Amm Ɗahiru, mita ɗari shida ne fa, kuma ruwan a kwance yake."

Tsofaffi suka juyo gaba ɗaya. "Yi mana shiru, Yasir. Kai me ka sani ban da ƙarya?"

Godiya ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, ga Malam Idi da ya ba mu masauki, ga Ustaz Magdi, Allah Ya sauke shi gida lafiya. Kaka yana gaishe ku duka. Da kansa zai gaya muku sauran, amma sai ya tashi daga mirkaz, kuma ban ga alama ba.