Katin Baba a Gaban Malamar Turanci

Har yau idan na tuna malamar da ta koya mana Turanci a aji huɗu na lise, wato sakandare, sai in ji raina ya ɓaci. Tun ranar farko ta yanke hukunci cewa na iya Turanci. Hujjarta ita ce ni Bahaushiya ce daga unguwar Briqueterie. A wurinta duk Bahaushen unguwarmu ɗan Najeriya ne, ɗan Najeriya kuwa da Turanci a baki ake haihuwarsa. Ni da ko Garwa da ke arewacin ƙasarmu ban taɓa takawa ba, balle Najeriya. A gida Hausa, a makaranta Faransanci, sai ɗan Turancin kasuwa da muke ciniki da shi a kasuwar Mokolo.

Darasi ɗaya ne ya kayar da ni. A Hausa ba mai haɗa "an rufe ƙofa" da "ƙofa a rufe take". Turanci kuwa riga ɗaya yake sa musu, sai mutum ya gano da kansa ko aiki aka yi wa abu, ko halin da yake ciki ake faɗa. Sau uku ina ɗaga hannu a kan wannan. Kowa ya tambaya sai ta koma allo ta yi masa bayani dalla-dalla, ni kuwa sai ta ce in daina raina mata hankali, 'yan aji su kwashe da dariya. Jarrabawa ta zo, rabin tambayoyin a kan darasin nan. Na faɗi warwas, ta kuma rubuta a takardar sakamako cewa da gangan nake ƙin aiki.

Baba tela ne, kuma tuni ya gaya mini cewa ranar da na faɗi, makaranta ta ƙare, keken ɗinki na jirana. Da ya ji abin da aka rubuta, sai ya rufe shago, ya sa babbar riga, ya ce in wuce mu je.

Mun same ta tana duba takardu. Bai gama gaisuwa ba ta ce, "Amma ai a ƙasarku Turanci kuke yi."

Baba ya zaro katinsa na ɗan ƙasa, ya miƙa mata.

"Madam, a nan aka haife ni. A nan aka binne mahaifina."

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ya daɗe a tsaye hannu a miƙe, dattijo da furfurarsa, daga baya ya mayar da katin aljihu, ya ba ta haƙuri da Faransanci. Shi ya ba ta haƙuri. Ji na yi kamar in kife teburin a kanta.

Sai da muka iso layin teloli ya yi magana, bai ko dube ni ba. Ya ce in maimaita ajin, ko shekara nawa zai ɗauka.

Na maimaita, na kuma ci. Faɗuwar na daɗe da mantawa. Amma hannun mahaifina da matar nan ta bari a miƙe, ban yafe ba.