Kekunan aro sun tona mana asiri

'Yan uwa, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Kun san ƙungiyarmu ta nan Garwa mai koya wa matan da mazansu suka rasu ɗinki. Kun kuma san mun nemi wata gidauniya ta taimaka mana da kekunan ɗinki, don namu ɗaya ne, tsoho. To yau suka turo wata Madam daga garin Marwa ta duba mu.

Ni da tunanina, na ce ai ba a tarbar baƙo a tsiya. Na bi maƙwabta na aro kekuna, har da darduma. Namu tsohon na tura shi kicin na rufe da zani.

Madam ta shigo ta ce, "Masha Allah! Kuna da kaya haka, me za mu ƙara muku?"



Sai ga Dada Asta maƙwabciyata ta faɗo ba ko sallama: "Maman Hafsa, baƙuwar ba ta tafi ba? A ba ni kekena, ɗinkin biki ke jirana!"

Innalillahi! Madam ta juyo ta ce, "Hajiya, wanne ne naku a ciki?"

Na kai ta kicin kaina a ƙasa. Ta yaye zanin, ta taka keken, igiyarsa ta tsinke nan take.

Ta ɗauki hotonsa, ta ce, "Wannan na zo gani tun daga Marwa. Saura kaɗan ki hana matan nan rabonsu."

Wallahi har ta tafi ban iya kallon idonta ba.