Tsohon da Ke Sauraren Jirgi

Saratu, ma'aikaciyar jinya, tana tsaye a wata rumfa a Gyadi-Gyadi, tana kallon tsohon da ke gyara mata janareto. Dogo ne siriri, shuɗiyar rigar aikinsa ta koɗe amma ta sha guga, da tambarin fukafukai a aljihu. Tana raya cewa har yau matarsa ke goge masa ita, kamar gobe za a kira shi ya koma aiki. Fostocin 'yan takara sun rufe bangon bayansa, tunda soja sun ce za su koma bariki.

Sai ga ƙarar ƙaramin jirgi a sama. Tsohon ya ajiye sifana, ya karkata kai, ido a rufe.

"Injinsa mai fistan huɗu ne, iska ke sanyaya shi," in ji shi. "Irinsa nake kwancewa lokacin da muke feshin maganin tsuntsaye da jirgi a gonakin shinkafa."

"Ina jiragen naku yanzu, Baba?"

"Masu kaki sun bar su sun ruɓe, 'yata. Waɗannan kuwa," ya nuna fostocin da haɓa, "ba su ma san an yi mu ba."

Ya fizgi igiyar janareton. Ƙararsa ta danne ta jirgin, shi kuma bai sake ɗaga kai ba.