Delfina da Jan Layi

Delfina Arnez 'yar garin Quillacollo ce, uwarta na sayar da salteña, wani irin burodi mai nama a ciki, a bakin kasuwa. Tana budurwa ciwo ya ɗauke mata ido, amma bai taɓa bakinta ba, don har yau ban ga mai tsiwarta ba. Da kunne ta koyi kwamfuta. Wata murya ce ke karanta mata duk abin da ke allo, da saurin da ni ko kalma ɗaya ba na tsinta.

Da ta zo ɗan kamfaninmu da ke birnin Cochabamba, inda muke yi wa kantunan magani manhaja, a kan gwaji aka ɗauke ta. In ta iya duba rahoton da injinanmu ke fitarwa kowace safiya, ta zauna, in ta kasa ta kama gabanta.

Rahoton kuwa an cika shi da kwalliya: ja ga abin da ya lalace, kore ga abin da ya yi daidai. Amma a cikin fayil kowane launi tarkacen alamomi ne da lambobi, muryar nan kuma ba ta tsallake ko ɗaya. Abin da muke gani da kallo guda, ita sai ta kai tsakar rana tana fama.

"Limbert," ta ce mini, "wane mara aikin yi ne ya shafa wa rahoto jan-baki?"

"Ya daɗe da barin aiki, 'yar uwa."

"Ya taki sa'a."

Ta zauna ta rubuta 'yar manhajar da ke share tarkacen, ta bar zallar rubutu. Kwana biyu tana ta fara'a. Sai ga wani kanti ya bugo waya, bayanan kayansu ba su shiga manhaja ba. Layin yana nan a rahoto, "an kammala" kawai ya ce. Jan launin ne kaɗai ke nuna an kammala da ɓarna, ita kuma ta wanke shi. Na ji tausayinta ƙwarai ranar, ko abincin hantsi ba ta taɓa ba.

Washegari ta gyara: kafin a share ja, a fara rubuta "matsala" a farkon layin.

Maigidanmu, Injiniya Ramiro, ya zo ya tsaya a bayanta, ya daɗe yana kallon allon. Na ce a raina shi ke nan, sallama ce.

"Delfina, ki sa mini wannan a tawa kwamfutar."

"Kai da idonka biyu, Injiniya?"

"Idon nan bai taɓa raba ja da kore ba. Shekara da shekaru da dabara nake tambayar yaran nan."

"Kai! Ashe mu biyu ne. Matso da kwamfutar."

Da yamma ya ce ta kawo hotonta a yi mata katin ma'aikata. Tana nan har yanzu, teburinta kusa da nawa, kuma ofishin nan bai ƙara fitar da rahoton da kunne ba zai gane ba.