Ihun da Ya Buɗe wa Bashir Hanya

Jikana Bashir ya zo na uku a gudun fanfalaki! Au, assalamu alaikum.

A saman duwatsun Ɗa'ifa aka yi, inda ni da nake tsaye ma haki nake. Yaron nan aikinsa tura alhazai marasa ƙarfi a keke a Masallacin Harami. Daf da ƙarshe na hango shi yana tangaɗi, ga mutane sun cushe gabansa. Na ce shi ke nan.

Da ya iso na ce, "Kai ja'iri, yaya ka wuce su?"

"Wallahi Kaka, ihun neman hanya na wurin aiki ne ya kuɓuce mini: 'Ɗarig ya Hajji!' Suka dare, suka ba ni hanya."

Ku zo unguwarmu Jarwal ku gani. Lambar yabon da ya ci tana wuyana, gwanin ya kasa tashi daga tabarma.