Modu da Ya Tuɓe Riga a Tsakiyar Tafki

A gidanmu na unguwar Lamisula, tatsuniya ba ta farawa sai Kaka Falmata ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa turaren wuta. Yini take yi tana sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road, don haka kafin ta zauna da mu sai ta turare zanenta, wai kada mu ce labarinta na ƙarni. Da Barbarci take farawa, in 'ya'yan maƙwabta suka shigo ta juya zuwa Hausarta mai nauyi, mu yi ta dariya a ɓoye.

Tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. In labari ya zo ƙarshe, sai ta tafa hannu ta ce, "To, alƙalai, ku yanke." Mu yi ta ihu muna raba mai laifi da mai gaskiya, ita kuwa ba ta taɓa faɗin nata hukuncin ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Modu masunci. Ya shiga tafki da ƙanensa, dorina ta kifar da kwale-kwalensu. Ƙanen bai iya ruwa ba, ya damƙi rigar Modu, suka fara nitsewa tare. Da Modu ya ga numfashi na neman ƙare masa, sai ya tuɓe rigar ya bar ta a hannun yaron, ya yi iyo ya fito shi kaɗai.

"Mugu ne!" in ji mu, ni ce ma kan gaba. "A kore shi daga gari!"

Kaka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wai, wai, alƙalan bana da zafi," ta ce. "Waye a cikinku ya taɓa shan ruwan tafki ta hanci?" Daga nan ta rufe garwashin da toka. Na tashi ina ƙunƙuni, don a ganina ta tsaya wa mugu ne.

Yanzu ina koyar da adabi a wata makarantar 'yan mata. A bara muka karanta wani tsohon littafi da ake yin jarrabawa a kansa, inda mahara suka faɗa wa ayari, jarumin ya gudu ya bar mahaifiyarsa a hanya. Ko tambaya ban gama ba ajin ya kaure. Matsoraci, marar imani, ɗan banza, babu sunan da ba su ba shi ba. Na ji muryata ta ƙuruciya a bakinsu, har na so in yi murmushi.

Sai Yagana ta ɗaga hannu. Yarinya ce marar magana, iyalinta na cikin waɗanda tashin hankali ya koro daga ƙauyukan bakin tafki, a hannun gwaggonta take zaune.

"Malama, in uwar ce ta ce masa ya gudu fa?"

"Ai ba a rubuta haka ba," in ji Rahila, wadda ta fi kowa kaifin baki a ajin.

"Ba kome ake rubutawa ba," Yagana ta ce, idonta a kan tebur.

Ban san labarinta ba, amma na gane ba mutumin littafi aka yi wa shari'a a gabana ba. Ita aka yi wa, ƙawayenta kuwa ba su ma sani ba.

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofa. "Malama, in na rubuta a jarrabawa cewa ba shi da laifi, za a kayar da ni?"

Na san amsar da masu duba jarrabawa ke so: matsoraci ne. Duk da haka na ce mata ta rubuta abin da ta sani.

"Ni ma ban sani ba, Malama," ta ce. "Tun ranar da muka gudo nake tambayar kaina."

Kaka ta daɗe da rasuwa, ban kuma taɓa tambayarta ko ta san wani Modu da idonta ba. Abin da ke damuna shi ne wannan littafin zan sake koyarwa bana, kuma ban san wace ce za ta zauna a ajin tana saurare ba.